Ruwan Arakan

A Agege aka yanke mini cibiya, a wani gida mai ɗakuna goma sha biyu da ke kallon juna, dab da layin dogo. In jirgi ya zo wucewa har kwanukan da aka jera a ɗakin Inna sai sun amsa. Kakana na wajen uba ne ya fara zama a gidan, kuma duk unguwar Baba Soja ake ce masa, har 'ya'yan cikinsa.

Wanda ya san daminar Legas ya san abin da nake nufi in na ce ruwa ya tsuge. Kwata ta cika ta tumbatsa, ruwa ya biyo ƙarƙashin ƙofa ya shigo tsakar gida, mata na ta kwarfa da bokiti, yara na ɗage tabarmi. Shi kuwa yana zaune a zaure kan buzunsa, ko gezau. Sai ya ɓare goro, ya gutsura, ya dube mu ya ce, "Wannan har ruwa ne? Ba ku ga ruwan Arakan ba."

Mu kuwa mun san Arakan. Bariki ne na soja a Apapa, mota biyu za ka shiga ka isa. Sai mu fashe da dariya. Da yake akwai wasa tsakanin jika da kaka, ni ne mai bakin ba shi amsa: "Haba Baba Soja, ruwan Apapa da na Agege ai hadari ɗaya ne." Sai ya kai mini duka da carbi, ya ce, "Ja'iri, me ka sani?" Daga nan sai ya ɗauko labari. Wai sun yi makonni a cikin jirgin ruwa ba sa ganin komai sai teku da sama. Wai a dajin da aka kai su abinci daga sama yake faɗowa, ɗaure da laima. Wai matsattsaku kan manne wa mutum a ƙafa ya sha jini har ya yi kamar babban yatsa, sai an ɗana masa wutar taba yake saki. Wai sun hau duwatsu da kaya a ka, mutum na gabanka ƙafarsa daidai goshinka. Mu duk shaci-faɗi muka ɗauke shi. Kafin ya kai rabi mun zame ɗaya bayan ɗaya, ya rage daga shi sai kajin maƙwabta.

Ya rasu a daminar 1994, shekarar da Najeriya ta fara zuwa gasar cin kofin duniya a Amurka. Ina da shekara 14. Kwanakin jinyarsa na ƙarshe ni hankalina na gidan kallon ƙwallo.

Ya bar akwatin ƙarfe kore wanda tsatsa ta fara ci. A ciki akwai wata tsohuwar hula, da wasu takardu da danshi ya manne su, da wani ɗan littafi mai hatimi, da tauraro na ƙarfe mai tsini shida, rataye da ƙyalle mai ja a tsakiya, da shuɗi da ruwan lemo a gefe. Akwatin ya yi shekaru a ƙarƙashin gado. Da zan yi aure aka ba ni ɗakin, kayan amarya suka zo, wuri ya yi kaɗan. Ni da hannuna na kira masu sayen ƙarfe da ke yawo da baro, na sayar musu da shi a kan kuɗin da bai kai cefanen kwana biyu ba. Takardun na zuba a shara. Tauraron yana ciki, ban ko ɗauke shi ba. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya hana ni. Wannan maganar ban taɓa faɗa wa kowa a gidanmu ba sai bayan shekara goma sha wani abu.

Ba wai ban yi tarihi a makaranta ba. Mun yi. Malam ya rubuta a allo cewa Lugga ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, an sami 'yanci ranar 1 ga Oktoba 1960, mu kwafa, mu haddace, mu amayar ranar jarrabawa. Ban taɓa jin abin ya shafe ni ba. Labarin waɗansu mutane ne masu manyan riguna a waɗansu wurare. Ina gama sakandare na koma rumfar goron Baba, kamar yadda shi ma ya gada.

Abin da ke ci mini rai tun ina yaro kuwa ban taɓa haɗa shi da tarihi ba. A Legas ni "aboki" ne, ko "mola", komai iya Yarabancina, alhali kuwa na iya shi har da karin magana. In mun je Kano biki kuma sai dangin Inna su riƙa kwaikwayon Hausata, suna cewa ga Yarabawa sun iso. A watan Fabrairun 2002, lokacin rikicin Idi-Araba, na ga mutanenmu suna hawa tirela da katifu da tukwane za su Arewa. Cikin makon nan wani mutum a motar haya ya dube ni ido cikin ido ya ce mu tattara mu koma garinmu. Bakina ya mutu. Ba tsoro ne ya hana ni magana ba, amsar ce ba ni da ita. In koma ina? Ban san sunan ƙauyen kakana ba. Ban san shekarar da ya zo ba, balle abin da ya kawo shi.

Sai 2017. Wata safiya ina rumfa na kwance huhu ina gyaran goro. Wanda bai yi aikin ba zai ɗauka wasa ne. Sai ka ɗaga ganyen a hankali, ka bi goron ɗaya-ɗaya da yatsa, ka ware marsa, wato manyan, gefe, minu, wato ƙananan, gefe, ka tsince duk wanda sankara ta taɓa kafin ya ɓata 'yan'uwansa, ka yayyafa ruwa daidai kima, ka canja ganye ka mayar. Hannu ke aiki, kunne na rediyo. Ana labarin Musulmin Rohingya da ake kora daga ƙasar Myanmar suna tsallakawa Bangladesh. Sai mai sharhin ya ce jihar tasu, Rakhine, ita ce a da ake kira Arakan, ƙasar kuma ita ce Bama.

Goron da ke hannuna ya faɗi.

Na kira yaron rumfata, wanda ya fi ni iya waya, na ce ya nemo mini Arakan da sojan Najeriya a intanet. Ranar ban san abin da na sayar ba. Ashe a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke ce wa yaƙin Hitila, Ingila ta kwashi dubban sojoji daga Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, ta kai su Indiya ta ruwa, daga can aka shigar da su Bama su yaƙi Japan. Runduna biyu ce, ta 81 da ta 82. Ashe da gaske jiragen sama ne ke jefa musu abinci da harsashi da laima, domin dajin ba hanyar mota. Ashe da gaske akwai rukunin da aikinsu ɗaukar kaya a ka, su ne motar rundunar. Ashe ruwan da ake yi a gaɓar Arakan a shekara ya ninka na Legas fiye da sau biyu. Barikin Apapa da muke masa dariya da shi, sunan can aka ɗauko aka sa masa. Haka na Myohaung da ke Yaba, sunan wani gari ne da sojojin suka ƙwace a Janairun 1945. Sau nawa na wuce ta ƙofarsa a kan acaɓa ban ko iya faɗin sunan ba.

Yaron ya ci gaba da ja da yatsa, sai ga hoton lambar yabon da aka bai wa waɗanda suka yi yaƙin Bama. Tauraro mai tsini shida, ja a tsakiya, shuɗi da ruwan lemo a gefe. Na karɓi wayar na shige bayan rumfa. Da na koma gida uwargida ta ga idona ta ce, "Lafiya? Wa ya rasu?" Na ce mata ya daɗe da rasuwa, yau ne dai na ji.

Rashin sani, in ji Hausawa, shi ya sa kaza ta kwana a kan dami. Shekara 14 ina kwana ɗaki ɗaya da mutumin da ya ga abin nan da idonsa.

Tun daga ranar abin ya zama mini kamar ƙaiƙayi. Tambaya ɗaya ta haifi goma. Me ya sa Hausawa suka cika sojan Turawa, har manyan sojan Ingila suka riƙa koyon Hausa don ba da umarni? Bin wannan zaren ya dawo da ni Legas ɗin da nake ciki. Turawa sun karɓe Ikko daga hannun Oba Dosunmu a 1861. Bayan shekara biyu, a 1863, wani jami'insu mai suna Glover ya haɗa mutum 18 'yan Arewa ya ba su bindiga, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Rundunar sojan Najeriya ta yau da kanta daga nan take fara ƙirga shekarunta. Akwai titi mai sunan mutumin a Ikoyi, na sha kai wa wani mai gadi goro a can. Obalende ma, inda muke zuwa cin tsire, unguwar tsofaffin sojoji ce tun asali.

Ba zan ɓoye ba, da farko daɗin da na ji na ramuwa ne. Na so a ce zan sake haɗuwa da mutumin nan na cikin mota, in ce masa muna garin nan shekara 50 kafin a haɗe ƙasar da ake kira Najeriya. Na yi kusan wata guda ina faɗa wa duk wanda ya tsaya sayen goro, har wani dattijo Bayarabe da muke mutunci ya ce in bari ya biya kuɗinsa tukuna.

Amma zaren bai tsaya inda nake so ba. Da yawa daga cikin Hausawan Glover ɗin bayi ne da suka gudo daga hannun iyayen gijinsu, suka ga shiga soja ita ce mafita. Kuma rundunar da ta fasa ganuwar Kano a Fabrairun 1903, ta shiga Sakkwato a watan Maris, ta kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli, Turawan cikinta 'yan kaɗan ne. Sauran baƙar fata ne, da yawansu da Hausa suke magana. Na kai wannan maganar majalisarmu ta wajen mai shayi, saura kaɗan a ba hammata iska. Wani ya ce ƙaryar Nasara ce. Wani ya ce ko gaskiya ce me ya kai ni tono. Wani dattijo da bai ce komai ba tun farko ya aje kofinsa ya ce, "Yaro, kakanka ma ai kakin Sarkin Ingila ya sa. Ka fasa son sa?" Na ce a'a. Ya ce, "To." Shi ke nan maganarsa. Na kwana ina juya ta.

Majalisar nan ita ta nuna mini cewa kowa na son tarihi, sai dai ba a kiransa da sunan. Mutumin da in ka ba shi littafi zai yi barci a shafi na biyu, ka taɓo masa rikicin sarautar garinsu ka gani, zai jero maka sarakuna bakwai da iyayensu mata. Wani yaƙi yake so, a ce an yi arangama an ci wane. Wani asali yake nema, a ce masa kakansa wani ne. Wani kuwa makami yake tarawa don musu, ya riƙe shekara guda ɗaya tak yana jiran ranar da zai kā da wani da ita, kuma ni ma na yi wannan, Allah Ya yafe mini. Ka lura da tafsirin azumi a masallaci: ana bayanin hukunce-hukunce rabin sahu na gyangyaɗi, amma malam na shiga ƙissar Annabi Yusuf, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kowa zai gyara zama, alhali ba wanda bai san yadda za ta ƙare ba. Ni a ganina akwai ɗan son jin gulma a ciki ma, in za mu faɗi gaskiya. Ɗan Adam na son ya ji yadda wani ya yi da ransa, wa ya ci amanar wa, wa ya tsaya, wa ya gudu, sannan a ɓoye ya tambayi kansa: in da ni ne fa?

Ko sana'ar da nake ci da ita sai da na sake kallonta. Kafin a san goron Kurmi, daga Gwanja fatake ke ɗauko shi, can ƙasar Gana ta yau, da jakuna, tafiyar watanni, madugu a gaba. Alhasan Ɗantata kansa da fataucin goro ya fara, ya riƙa ɗoro shi a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko kafin ya koma Kano ya shiga harkar gyaɗa. Da dogo ya tashi daga Legas ya isa Kano, manoman yankin Agege kuma suka dasa goro a gonakinsu, sai 'yan kasuwarmu suka ga ba sai sun je Gwanja ba. Ga goro, ga tasha. Abin da ya tara Hausawa a Agege ke nan. Jirgin da ke girgiza kwanukan Inna shi ne dalilin gidan gaba ɗaya.

Baba mutum ne marar yawan magana, kuma ni ɗansa na biyu ne, ba mu saba zama hira ba. Wata Asabar na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, in ba ka da uzuri ina so ka raka ni Onikan." Ya ce me ake yi a can. Na ce gidan adana kayan tarihi. Ya yi shiru kamar ba zai amsa ba, sannan ya ce a ɗauko masa hula. Gidan tun 1957 yake wurin, dab da filin Tafawa Ɓalewa, amma shi da aka haifa a garin bai taɓa shiga ba, ni ma haka. Muka zaga gumaka da tukwane yana tafe yana kallo kawai. Sai muka shiga inda aka aje motar Janar Murtala. Baƙar Marsandi ce, ga hudojin harsashi a jikinta kamar jiya aka yi. Baba ya tsaya cak. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Ya ce, "Ranar Juma'a ce." Na ce ƙwarai, 13 ga Fabrairu 1976. Ya ce, "Ni ban san lissafinka ba, na dai san Juma'a ce, domin ranar za a kai goron neman auren uwarka." Daga nan bakinsa ya buɗe. Yadda Baba Soja da kansa ya zaɓi goron tun daren Alhamis, fari tas, ya ƙi yarda kowa ya taɓa. Yadda da hantsi rediyo ya koma kiɗan soja, sai ga muryar Dimka, sojan da ya sanar da juyin mulkin. Yadda kasuwa ta watse, aka rufe rumfuna, Hausawan unguwa suka taru a ƙofar masallaci ba mai cewa uffan. Yadda Baba Soja ya fito ya saurari rediyon na ɗan lokaci, ya ce wannan juyin mulkin ba zai kai dare ba, muryar mai maganar ta nuna. Haka kuwa aka yi. An ɗage kai goron da mako biyu, kuma kullum sai tsohon ya kwance shi ya canja masa ganye don kada ya bushe. Mun fi rabin sa'a a gaban motar nan. Tun da aka haife ni ban taɓa jin Baba ya yi magana mai tsawon haka ba. A hanyar komawa, cikin cunkoson gadar Eko, na faɗa masa maganar akwati. Ya daɗe bai tanka ba. Can ya ce, "Ni ma ai ban buɗe shi ba."

Shi ya ce in je wurin Goggo, babbar yayarsu, tun tana da sauran ƙarfi. Goggo ba ta yi boko ba, ba ta san shekarar komai ba. Lissafinta da haihuwa ne da mutuwa: shekarar da aka yi goyon wance, daminar da wane ya faɗa rijiya. Amma ta san wa ya auri wa, wa ya saki wa, wa ya zo daga ina da wace riga a wuyansa. Yanzu duk Lahadi bayan la'asar nakan je da ƙullin goro da 'yar taba, in kunna waya in aje kusa da ita. Da farko ta ce ita ba ta magana da ƙarfe. Yanzu in na manta ban kunna ba ita ke tuna mini.

A zama na huɗu na tambaye ta abin da na kasa amsawa a 2002. Na ce, "Goggo, me ya hana Baba Soja komawa gida bayan yaƙi?" Ta ce, "Wa ya ce maka bai koma ba?" Ya koma. Da aka sallame su ya hau jirgi har Kano, ya ƙarasa ƙauyensu a ƙasa, da akwatin nan a ka. Ya tarar tuntuni labari ya je cewa ya mutu. An yi masa sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, an raba 'yar gonarsa. Matar da ya bari tana amarya ta gama takaba, an ɗaura mata aure da ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, har da goyo a bayanta. Ba wanda ya yi laifi. Ya kwana biyu a zauren mai gari, ya sa wa jaririn albarka, ya ɗauki akwatinsa. Wani abokinsa na soja ya taɓa ce masa akwai aikin dakon goro a tashar Agege. Ɗaukar kaya a ka kuwa ba wanda zai koya masa.

Na ce, "To jaririn fa?" Ta ce in yana raye yanzu ya haura tamanin ko ya kusa. Na ce, "Ita matar, sun sake haɗuwa?" Goggo ta dubi wayar ta ce, "Kashe abin nan tukuna." Na kashe.

Sunan ƙauyen yana nan na rubuta a bangon littafin bashi na rumfa, a ƙasar Rano yake. Baba ya ce shi ba za shi ba, amma bai hana ni ba. Ɗana na fari ya ce sai dai mu tafi tare, na ce sai an yi hutun makaranta. Goggo ta ce in za mu je kada mu kuskura mu shiga garin hannu rabbana, mu tafi da ƙwarya biyu, kuma fari, kada in kai musu ja.